Ƙotar takobi da wuƙa: haure, ƙashi, ƙaho ko itace?

Tambaya: Ina so a yi wa takobin mahaifina sabuwar ƙota kafin hawan Sallah. Wani dillali ya kawo mini abin da ya ce hauren giwa ne. In saya? (Daga Argungu)

Amsa: Malam, kada ka saya. Tun 1989 yarjejeniyar CITES, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don kare namun daji da itatuwa masu shirin ƙarewa, ta hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe, dokar Najeriya ma ta haramta shi, kuma a Janairun 2024 hukuma ta niƙe kimanin tan biyu da rabi na hauren da aka kama, a Abuja. Giwayen da suka rage mana, irin na Yankari, 'yan kaɗan ne, abin takaici ne a kashe ɗaya don ado. Haƙorin dorina da ake cewa daga kogin Yawuri yake, shi ma ka bar shi.

Ko ba don doka ba, haure bai dace da yanayinmu ba. Da damina yana shan laima ya kumbura, hunturu ya zo ya tsotse shi, ƙarfen da ke ciki kuwa yana nan yadda yake, sai tsaga ta taso daga ramin ƙusa. Sau da yawa ma abin da ake yawo da shi ƙashi ne ko roba. Dubi bakin yankan: haure yana da siraran layuka masu gitta juna, ƙashi yana da ƙananan ɗigo-ɗigo baƙaƙe, roba kuwa allura mai zafi tana nutsewa cikinta da wari.

Idan fari kake so, nemi ƙashin ƙwaurin raƙumi, ya fi na shanu kauri. A yanke kai da gindi, a kwashe ɓargo tas, a dafa shi a ruwan omo da wuta kaɗan-kaɗan, ana sauya ruwan har maiƙo ya daina tasowa. Kada a bari ya yi ta tafarfasa, kada kuma a sa bilic, duk suna sa shi gautsi. A shanya a inuwa wata guda aƙalla. Maiƙon da aka bari a ciki shi ne ke fitowa daga baya ya yi tabon rawaya. Maƙeri ya fere ɓari biyu masu kaurin milimita 6 zuwa 8, ya huda a hankali don zafi yana fasa ƙashi, ramin ya ɗan fi ƙusar tagulla faɗi, ya sa gam irin Araldite. Kada ya daki kan ƙusa da ƙarfi, a nan yawanci ake asarar aikin.

Tambaya: Ni mahauci ne. Ƙotar ƙaho da aka sa wa wuƙata ta lanƙwashe ta rabu da ƙarfe. Me ya jawo? (Daga Gusau)

Amsa: Ɗan'uwa, ƙaho da zafi ake miƙar da shi, zafi kuma shi ke mayar da shi yadda Allah ya halicce shi. Ruwan zafi da kake wanke wuƙa da shi da ranar da take sha a kan tebur su ne suka yi maka wannan aikin. Tsinin ƙaho, inda babu rami a ciki, ya fi daɗewa, kuma shanun Rahaji masu dogon ƙaho sun fi Bokoloji ba da shi. Amma ga wuƙar da ke cikin jini da ruwa kullum, itace ya fi maka.

Tambaya: Wane itace ya fi? (Daga Zuru)

Amsa: Ƙirya ce ta gaba wajen tauri, shi ya sa ake turmi da ita, sai dai tana cinye magagari. Kanya tana yin santsi da kyau, marke yana jure duka. Madobiya tana da launi, amma an sare ta har ta shiga jerin CITES a 2017, a ƙyale ta ta farfaɗo. Kowanne ka zaɓa, ya zama busasshe: ana ba kaurin inci ɗaya shekara guda a inuwa, a shafe bakin yankan da kakin zuma don kada ya tsage. Bayan an goge da sanfefa, a shafa kakin zuma da ɗumi. Man gyaɗa ba ya bushewa a jikin itace, yana yin danƙo da hamami, ƙura ta manne masa.