Ƙatti biyar na sahun gaba a zari-rugar Amurka

Tambaya: Assalamu alaikum. Na fara kallon zari-rugar Amurka, wato gasar NFL, kuma kullum ina ganin wasu ƙatti biyar duƙe a gaba, ba sa gudu da ƙwallo, ba sa cin maki, sai ture-ture. Mene ne amfaninsu, kuma yaya rayuwar mai wannan sana'a take daga farko har ritaya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, waɗannan biyar ɗin su ne katangar ƙungiya. Cikin 'yan wasa 11 da ke kai farmaki, su ke tare abokan hamayya don mai jefa ƙwallo, wanda ake kira kwatabak, ya samu daƙiƙa biyu ko uku ya yi jifa, su ne kuma ke buɗe wa mai gudu hanya. Na tsakiyarsu ne kaɗai ke taɓa ƙwallo a kowane zubi, wato duk lokacin da aka jeru aka sake tayar da wasa, ya miƙa ta baya ta tsakanin ƙafafunsa, kuma galibi shi ke gaya wa sauran wanda kowa zai tare. Lambobin rigunansu daga 50 zuwa 79 ne, doka kuma ta hana su cafke jifar da aka yi gaba, sai in an sanar da alƙalin wasa tukuna.

Hanyar shiga ta makaranta ce: sakandare, sai jami'a, sai zaɓen sababbin 'yan wasa da ƙungiyoyi 32 suke yi duk watan Afrilu, zagaye bakwai. Dole mutum ya yi shekara uku da gama sakandare. Kafin zaɓen akan tara fitattu a birnin Indiyanafolis a gwada su, har da ƙirga sau nawa mutum zai ɗaga ƙarfe mai kilo 102. Yawancinsu sun kai kilo 135 ko fiye, tsawo kuma ya haura mita 1.9. Amma ni a ganina jiki shi ne mafi sauƙin samu. Abin da ke wuya shi ne ƙafa: a ce ƙato irin wannan yana ja da baya cikin sauri bai rasa daidaito ba, alhali wani mai gudu kamar barewa ya taso masa gadan-gadan. Shi ya sa na gefen hagu ya fi tsada, domin shi ke tsare bayan kwatabak mai jifa da hannun dama, ɓangaren da ba ya gani. A 2021 Trent Williams ya sa hannu da San Francisco 49ers kan dala miliyan 138 na shekara shida.

Ba kullum zaɓen ke gane gwani ba. Sai a zagaye na shida Philadelphia Eagles suka ɗauki Jason Kelce a 2011, ya yi musu shekara 13, ya ci kofin Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar. Jordan Mailata ɗan Ostireliya kuwa, da suka ɗauke shi a 2018 ko sau ɗaya bai taɓa buga wasan ba.

In kana son ka gane halin wannan sana'a, dubi Joe Thomas na Cleveland Browns. Daga 2007 zuwa 2017 ya tsaya zubi 10,363 a jere bai fita ko ɗaya ba, sai da jijiyar damtsensa ta tsinke. Duk tsawon shekarun nan ƙungiyarsa ba ta kai matakin sili-ɗaya-ƙwale ba, a kakarsa ta ƙarshe ma ba ta ci wasa ko ɗaya ba. Wannan juriya tana burge ni ƙwarai, don ɗan sahun gaba ba ya jin sunansa a lasifika sai ranar da ya yi laifi. In ya yi aikinsa daidai, wani ake tafa wa.

Sai batun lafiya, wanda ya fi damuna. Gwiwa, ƙugu da baya suna lalacewa, kuma da yawansu cin dole suke yi don riƙe nauyin, shi ya sa za ka ga wasu sun zube sosai bayan ritaya. Mafi muni shi ne raunin kai. Kusan kowane zubi sai sun yi karo, ƙanana ƙanana, dubbai a shekaru. Mike Webster, ɗan tsakiya da ya ci Super Bowl huɗu da Pittsburgh Steelers, ya rasu a 2002 yana da shekara 50 bayan ya sha fama da rikicewar tunani. Likitan da ya binciki ƙwaƙwalwarsa ɗan Najeriya ne, Dakta Bennet Omalu, shi ya gano cutar lalacewar ƙwaƙwalwa da ake kira CTE a jikinsa, ya wallafa sakamakon a 2005. Da fari hukumar gasar ta yi watsi da binciken. Sai a 2016 wani babban jami'inta ya amsa a gaban 'yan majalisar dokokin Amurka cewa akwai alaƙa tsakanin wasan da cutar. Yanzu an rage karo a atisaye, kuma tun kakar 2024 an yarda ɗan wasa ya ɗora soso mai laushi a kan hular kwanonsa ko a ranar wasa.