Amsa ga ɗan ƙanwata kan tsofaffin injuna

Ɗana, saƙonka ya same ni bayan la'asar ina ƙofar gida a nan Maraɗi. Ka ce a wurin aikinku, duk manhajar da za a aika wa bankuna masu manyan kwamfutocin IBM sai an haɗa ta iri biyu ko uku, kowace da injinta, kai kuwa kana ganin wahalar banza ce. Kana tambaya ko al'adar tana da tushe.

Tana da shi. Tun 1964, da IBM ya fito da injunan System/360, ya riƙe abu guda: abin da aka rubuta wa injin jiya ya ci gaba da aiki a kan na gobe. Shi ya sa har yau akwai shirye-shiryen da aka rubuta da COBOL, wani tsohon yaren kwamfuta, waɗanda suka girme ka suna lissafin kuɗin jama'a.

Sai dai abin ba ya juyawa: abin da aka haɗa wa sabon inji ba lalle ya yi aiki a kan tsoho ba. Kunun da gwaggonka ke dama mini kai ma za ka sha, amma kilishin da kake tauna ni ina na ga haƙoran? Injin z13 na 2015 ya zo da umarnin da ke sarrafa lambobi da yawa a bugu ɗaya, z14 na 2017 ya ƙaro wasu masu saurin lissafin kuɗi. ARCH shi ne zaɓin da ke nuna irin injin da ake haɗa wa manhaja. In ka haɗa manhaja da ARCH(12), wato ma'aunin z14, ka ɗora wa z13, da ta ci karo da umarnin da bai sani ba sai ta faɗi da lambar kuskure S0C1. Na taɓa kwana a ofis saboda wannan lamba, ranar biyan albashi kuwa.

To me zai hana a dama kunu ɗaya kowa ya sha? Kuɗi. Ana cajin banki gwargwadon ƙarfin injin da ya ci, manhajar da aka haɗa wa tsohon inji kuwa ba ta cin moriyar sababbin umarnin, kuma wanda ya sayi z16 na 2022 ba zai so a ba shi abincin marar haƙori ba.

Abin da yaran yanzu ke mantawa, ban cire ka ba, shi ne injin ajiya da ake komawa kansa in babban ya tsaya. Sau da yawa tsoho ne. Kafin ka zaɓi ARCH, tambayi abokin cinikinku wane inji ne mafi tsufa a hannunsa, har da wancan, ka sa ya rubuto maka a takarda.

Gwaggonka na gaishe ka, ta ce yaushe za ka leƙo.