Ƙurar da Ke Zane a Jikin Roba

Tambaya: Malam, kujerun roba nake sayarwa a Gusau. Da hunturu in na goge su da busasshen tsumma, kafin la'asar sai ƙura ta kwanta musu kamar zanen lalle, har da rassa. Me ke kawo haka?

Amsa: Hajiya, tsumman ne da kansa. Gogayya tana barin cajin lantarki a jikin roba, ita kuma roba ba ta barin lantarki ya bi ta jikinta kamar yadda ƙarfe ke bari. Sai cajin ya maƙale inda ya sauka, nan da yawa, can kaɗan. Ƙura kuwa ba nauyi, inda caji ya taru nan take zuwa ta lafe. Rassan da kike gani sawun 'yan ƙananan tartsatsi ne da suka bi saman robar.

Ina son gwajin nan: ki goga biro a gashi, ki kusanta shi da yagaggiyar takarda, za ki ga ta yi tsalle ta manne.

Wani masani a Jamus, Lichtenberg, ya ga irin wannan zane a 1777, har yau da sunansa ake kiran sa. Injin fotokwafi ma da wannan dabara yake ɗaukar garin tawada.

Da damina laimar iska tana kwashe cajin, shi ya sa abin ke raguwa. Ki riƙa gogewa da jiƙaƙƙen tsumma da ɗan sabulu, ki bar su su bushe da kansu.