Buɗe GNOME da KDE Tare a Kwamfuta Ɗaya

Malam, ka tambaya ko za ka iya buɗe KDE a kwamfutarka mai Linux ba tare da ka rufe GNOME ba (KDE da GNOME manhajoji ne da ke samar da fuskar tebur a Linux). Hakan yana yiwuwa. Ka danna Ctrl+Alt+F3 don buɗe allon rubuta umarni, ka shiga da wani asusu daban, ka sa layin exec startplasma-x11 a cikin fayil ɗin .xinitrc da ke babban folda na wannan asusun, sannan ka rubuta startx don tayar da KDE. Da maɓallan Ctrl+Alt tare da maɓallin F na kowane zama (kamar F3 na KDE) za ka riƙa komawa tsakaninsu. A ganina kada ka yi amfani da asusu ɗaya a duka biyun, saboda saitunansu kan ci karo, kuma kowane zama yana cin nasa rabon RAM.