Lauyan zaɓe kuma mai kamun ƙafa: mene ne aikinsa, kuma ta yaya mutum ke kai wa nan?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a sashen koyon aikin lauya, ina aji uku. Na ji ana cewa a Amurka akwai lauyoyin da ba su da wata sana'a sai dokar zaɓe, kuma da yawansu suna aiki a kamfanonin da ke yi wa masu kuɗi kamun ƙafa a wurin 'yan majalisa. Yaya rayuwar irin wannan lauya take, kuma anya mutum zai yi wannan aiki ya fita da mutuncinsa?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ka ji gaskiya ne, kuma hanya mafi sauƙi ta gane sana'ar ita ce a bi sawun mutum ɗaya da ya tsufa a cikinta. Na zaɓi Benjamin Ginsberg, wanda ya shafe kusan shekara 40 yana yi wa jam'iyyar Republican aiki, domin a rayuwarsa akwai abin yabo kuma akwai abin da ni kaina ba na jin daɗinsa.

Kafin nan sai ka san dalilin da ya sa sana'ar ta yi kasuwa a can. Amurka ba ta da hukuma guda mai gudanar da zaɓen ƙasa baki ɗaya kamar yadda INEC take a Najeriya. Kowace jiha daga cikin jihohi 50 tana da dokarta, kuma ƙananan hukumomi ne ke buga takardun ƙuri'a, su ɗauki ma'aikata, su yi ƙidaya. Hukumar tarayya da ake kira FEC, wadda ta fara aiki a 1975, hurumin kuɗin yaƙin neman zaɓe kawai take da shi. Saboda haka ɗan takarar shugaban ƙasa yana fuskantar dokoki iri-iri a kan yadda sunansa zai shiga takardar ƙuri'a, da nawa zai karɓa daga hannun mutum guda, da wanda aka hana shi haɗa baki da shi. Yawancin aikin lauyan zaɓe ana yin sa ne a ofis tun kafin ranar zaɓe, kotu kuwa sai in ta ɓaci.

Ginsberg bai fara da lauya ba. Bayan ya gama Jami'ar Pennsylvania a 1974 ya yi kimanin shekara biyar yana aikin jarida, sannan ya koma karatu a Jami'ar Georgetown da ke Washington, inda ya kammala a 1982. Bai daɗe da fara aiki ba ya sami kansa cikin rigimar wata mazaɓa a jihar Indiana bayan zaɓen 1984. Jihar ta ba ɗan Republican, Rick McIntyre, takardar shaidar nasara, amma Majalisar Wakilai, wadda ke hannun 'yan Democrat, ta sake ƙidaya da kanta ta ce Frank McCloskey ne ya ci da ratar ƙuri'a 4. Ranar da aka rantsar da McCloskey a 1985 'yan Republican suka fice daga zauren majalisa don fushi. Lauyoyin jam'iyyar na wannan zamani sun fito daga rigimar da imanin cewa wanda ya tsara ƙa'idar ƙidaya ya riga ya ci rabin shari'a. Daga nan Ginsberg ya yi shekaru yana lauyan kwamitocin jam'iyyar na ƙasa.

A wannan matsayi ya yi aikin da har yau ake jayayya a kansa. Bayan ƙidayar jama'a ta 1990 an sake shata mazaɓu, kuma dokar kare 'yancin zaɓe ta 1965, yadda aka gyara ta a 1982, ta buɗe ƙofar a ware mazaɓun da baƙar fata ke da rinjaye. Jam'iyyar Republican ta goyi bayan hakan a kudancin ƙasar, Ginsberg kuma yana cikin waɗanda suka ja ragamar dabarar. Lissafin a fili yake: baƙar fata sun fi zaɓen Democrat, don haka in an tara su a mazaɓa ɗaya, mazaɓun da ke kewaye sai su karkata ga Republican. Baƙar fata sun ƙaru a majalisa a zaɓen 1992, wanda alheri ne na gaske, a 1994 kuma Republican ta karɓe Majalisar Wakilai karo na farko cikin shekara 40, kodayake akwai wasu dalilan ban da wannan. Doka ba ta hana ba. Duk da haka ni ina ganin abin dubawa ne a ce lauya ya zauna da taswira yana zaɓa wa ɗan siyasa mutanen da za su zaɓe shi.

Abin da ya fito da sunansa duniya shi ne zaɓen 2000, lokacin da yake babban lauyan yaƙin neman zaɓen George W. Bush. A Amurka wakilan da kowace jiha ke bayarwa ne ke zaɓen shugaban ƙasa, kuma a wannan shekarar duk wanda ya ci jihar Florida, mai wakilai 25, shi ne shugaban ƙasa, kuma a cikin ƙuri'u kusan miliyan 6 ratar da aka tabbatar tsakanin Bush da Al Gore, ɗan takarar Democrat, ba ta wuce 537 ba. A wasu ƙananan hukumomin ana zaɓe ne da kati mai kauri wanda mai zaɓe ke hudawa da ɗan tsinke. Wani ya huda sosai, wani ya bar ɗan gutsuren takardar yana reto da kusurwa ɗaya, wani kuma ya dangwala kawai har wurin ya lotsa bai ɓule ba. Sai ka ga jami'i ya ɗaga kati sama yana hasko shi da fitila, lauyan Bush a gefe, lauyan Gore a ɗaya gefen, kowa na rubuta ƙorafinsa, a kan ko lotsawar nan niyyar zaɓe ce. Kwana 36 aka yi ana wannan, har Kotun Ƙoli ta kawo ƙarshen ƙidayar a ranar 12 ga Disamba da rinjayen alƙalai 5 a kan 4. Washegari Gore ya amince da kaye duk da ya ce bai yarda da hukuncin ba.

Yanzu ga batun kamun ƙafa. Tun 1993 Ginsberg ya koma kamfanin lauyoyi na Patton Boggs, wanda ya daɗe yana sahun gaba wajen samun kuɗi daga kamun ƙafa a Washington, ya zauna har 2014 lokacin da ya koma Jones Day. A Amurka kamun ƙafa sana'a ce ta halal a idon doka, domin tsarin mulki ya ba kowa 'yancin kai koke ga gwamnati. Dokar 1995 ta wajabta wa wanda ke yin sa da gaske ya yi rajista, ya faɗi wanda ya ɗauke shi, da batun da yake bi, da kuɗin da aka biya. Wata tsohuwar doka ta 1938 ta tilasta wa masu yi wa ƙasashe da jam'iyyun waje aiki su bayyana kansu, kuma ta wannan hanya aka ga takardun yarjejeniyar da PDP ta ƙulla da kamfanin Ballard Partners a 2018. Dalilin da ya sa sana'o'in biyu ke kwana a gida ɗaya ba ɓoyayye ba ne. Lauyan da ya tsamo sanata daga rigimar zaɓe, in ya buga waya sanatan zai ɗauka, kuma wannan ɗaukar wayar ita ce hajar da kamfani ke sayarwa. Ba cin hanci ba ne, amma talakan da ba shi da lauya ba ya samun wannan ƙofa, kuma nan ne damuwata take.

Ginsberg ya ɗanɗana haɗarin riƙe igiya biyu a watan Agustan 2004. Yana lauyan yaƙin neman zaɓen Bush karo na biyu sai ta fito fili cewa yana ba wata ƙungiyar tsofaffin sojoji shawara, ƙungiyar da ke tallace-tallacen sukar tarihin John Kerry, abokin takarar Bush, a yaƙin Vietnam. Doka ta hana irin wannan ƙungiya haɗa baki da ɗan takara. Ya ce bai saɓa wa doka ba, amma ya ajiye muƙaminsa don kada batun ya zame wa Bush ƙarfen ƙafa. Bayan haka ya tsaya wa Norm Coleman a rigimar kujerar sanata ta Minnesota ta 2008, wadda Al Franken ya ci da ƙuri'a 312 bayan watanni a kotu, ya kuma zama lauyan Mitt Romney a 2008 da 2012.

Game da mutunci da ka tambaya, dubi ƙarshen aikinsa. A 2013 Shugaba Obama ya naɗa shi tare da Bob Bauer, lauyan Obama kuma abokin karawarsa na shekaru, su jagoranci kwamitin gyara gudanar da zaɓe, kuma rahotonsu na Janairun 2014 ya ce bai kamata mai zaɓe ya wuce minti 30 a layi ba. A 2020 ya yi ritaya, ya fito ya rubuta cewa ya shafe shekaru yana tura masu sa ido rumfunan zaɓe don neman maguɗi, kuma ba a taɓa samun maguɗi mai yawan da zai tabbatar da zargin da jam'iyyarsa ke yi ba. A watan Yunin 2022 ya ba da shaida a gaban kwamitin majalisa da ya binciki harin da magoya bayan Donald Trump suka kai ginin majalisar a ranar 6 ga Janairun 2021, inda ya bayyana cewa ɓangaren Trump ya shigar da ƙararraki sama da 60 a kan zaɓen shugaban ƙasa na 2020 kuma babu kotun da ta sami hujjar maguɗin da aka yi iƙirari. Mutumin da ya yi faɗa a kan ƙuri'a 537 ya san bambancin wannan da ratar sama da 10,000 da aka kayar da Trump da ita a jihohin Arizona da Georgia. Wannan magana ta raba shi da mutane da yawa a gidansu na siyasa, kuma ina girmama shi a kanta, ba tare da na manta taswirorin 1990 ba. Shi da Bauer sun kuma kafa wani shiri a 2021 na samar da lauyoyi kyauta ga jami'an zaɓen da ake yi wa barazana.

Kai da za ka yi aiki a Najeriya, tsarinmu ya fi jingina ga kotu. Sashe na 285 na tsarin mulki ya ba mai ƙorafi kwana 21 ya shigar da ƙara bayan bayyana sakamako, ya ba kotun sauraron ƙararrakin zaɓe kwana 180 ta yanke hukunci, kuma in wa'adin ya wuce babu alƙalin da zai ƙara maka yini ɗaya. Amma ko a nan aikin kafin zaɓe ne ke kayar da mutane. A watan Mayun 2019 Kotun Ƙoli ta soke nasarar APC a Zamfara tun daga gwamna har 'yan majalisa, saboda jam'iyyar ba ta yi zaɓen fidda gwani yadda doka ta tanada ba. Don haka in kana son wannan fanni, ka karanta Dokar Zaɓe da dokar shaida da tsarin mulkin jam'iyyu, ka nemi ofishin babban lauyan da ke irin waɗannan shari'u ko da ɗaukar fayil za ka fara, kuma a zaɓe mai zuwa ka nemi zama mai sa ido a rumfa ɗaya, ka tsaya har a cike fom ɗin EC8A, wato takardar sakamakon rumfa, wakilan jam'iyyu su sa hannu, ka ga yadda ake ba kowa kwafinsa.