Amsa: 'Yar fim da ta mulki jihar Tamil Nadu

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da gaske ne wata 'yar fim ta taɓa mulkar jiha a Indiya. Ƙwarai kuwa, Jayalalithaa ce, wadda mutanenta ke kira Amma, wato uwa.

An haife ta a 1948. Ta fito a finafinai sama da 100, galibi na harshen Tamil da Telugu (shi ya sa masu kallon finafinan Hindi a wajenmu ba su san fuskarta sosai ba). Jarumin da suka fi fitowa tare, M. G. Ramachandran, shi ya kafa jam'iyyar AIADMK, ita kuma ta shiga a 1982. Da ya rasu a 1987 jam'iyyar ta dare gida biyu tsakaninta da matarsa Janaki, amma Jayalalithaa ce ta yi rinjaye, ta zama babbar ministar jihar, wato shugabar gwamnatin Tamil Nadu, a 1991.

Abin da ya fi burge ni shi ne gidajen abincin Amma da ta buɗe a Chennai, babban birnin jihar, a 2013, inda lebura zai sayi wainar shinkafarsu, idli, a rupi ɗaya. Tun 1992 ma ta sa aka ajiye gadajen jarirai domin karɓar 'ya'ya mata da iyaye suka ƙi, maimakon a hallaka su.

Tana da nata tabon fa. A 2014 kotu ta ɗaure ta kan tara dukiyar da ta wuce samunta, kotun sama ta wanke ta a 2015. Ta sake cin zaɓe a 2016, ta rasu kan mulki ranar 5 ga Disamban shekarar.