Abin da ke kai mu Skansen a watan Disamba

Yaya, na ga tambayarka a kan hoton da na turo, wanda 'yarka ke riƙe da bunsurun kara. Ka ce ko mun fara bikin Kirsimeti ne. Ba mu fara ba, amma bari ka ji inda muka je.

Sunan wurin Skansen, a tsibirin Djurgården cikin birnin Stockholm. Wani malami, Artur Hazelius, ya buɗe shi a 1891, da ya ga masana'antu na neman cinye rayuwar ƙauye. Aka riƙa kwance tsofaffin gidajen katako daga sassan Suwidin, a ɗauko su a sake harhaɗawa a nan, har suka kai wajen 150. Ka san a Gidan Makama kaya na ajiye ne kana kallo. A nan kuwa akwai mutane a cikin ɗakunan, sanye da tufafin kakanninsu, suna aiki a gabanka.

Wurin mai kyandir na fi daɗewa. Takan tsoma lagwani a narkakken kitse, ta ɗaga ya sha iska, ta sake tsomawa, a haka a haka har ya yi kauri. A da, da kitsen dabbobin da aka yanka kafin hunturu ake yinsa. Sai ka zauna a ƙasar nan za ka gane darajar kyandir a wurinsu: a Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe 3, mu yi azahar da la'asar da magariba cikin kusan awa uku. Bunsurun nan kuma da karan hatsi ake ɗaura shi, a naɗe da jan ƙyalle. Har damin hatsi suke ratayewa a waje don tsuntsaye su ci, abin da ya taɓa min zuciya ƙwarai.

Kasuwar Kirsimeti na ci a wurin tun 1903, kuma muna shiga da iyakarmu. Naman alade ne babban abincin bikinsu, abin shansu mai ɗumi kuma sau da yawa da giya a ciki, don haka sai mun tambaya kafin mu sayi komai. Akwai tsohuwar coci a ciki. 'Yan'uwanmu Hausawa Kiristoci su shiga ibada, mu jira su a waje, da dare mu haɗu a gida ɗaya a kan tuwo.

Abin da ya dame ni daban ne, Yaya. A ɗakin da ake kaɗin gashin tumaki na ce wa yarinyar nan haka kakarmu ke kaɗa auduga da mazari. Ta ce, mene ne mazari? Na rasa abin da zan nuna mata.

Don Allah in ka shiga kasuwar Kurmi ka nemo min mazari da faifai biyu, ka ajiye sai an sami mai zuwa. A gaida mutanen gida.